Idan Sikeli Ya Kafe, Kada a Bar Mutum a Hannun Mai Lasifika

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a asibitocinmu na karkara a 'yan shekarun nan. Malamin asibiti zai ɗaura wa mutum abin awon jini a damtse, ya duba, ya ce, "Baba, jinin nan ya hau, sai fa an rage ƙiba." Ko ya ce wa mace, "Inna, sugan ya yi yawa, a rage tuwo, a rage maiƙo." Mutanenmu kuwa, duk da taurin kan da ake jingina musu, da yawa suna jin maganar. Su bar lemon kwalba, su rage malmala, wasu su jingine babur su riƙa takawa zuwa gona. Wata na farko a ga alama, na biyu wando ya fara yin yawa, kafin wata na biyar ko na shida kilo biyar ko shida sun zube. Daga nan sai abu ya cije. Mutum yana ganin yana yin duk abin da ya saba, amma sikeli ya kafe a lamba ɗaya, mako yana bin mako.

A daidai wannan gaɓa muke asarar mutane. Wasu su ce dama haka Allah ya halicce su, su koma gidan jiya. Wasu su shiga yi wa kansu horon yunwa har jiri ya riƙa ɗibarsu. Mafi yawa kuma su nufi kasuwa neman abin da zai "narkar da teɓa". Ra'ayina shi ne wannan tsayawa ba gazawar mutum ba ce. Abu ne da masana suka san yana tafe tun kafin a fara. Don haka kuskure ne babba a tura mutum rage ƙiba ba a gaya masa ranar nan za ta zo ba, sannan idan ta zo ya rasa wanda zai yi masa bayani sai mai sayar da magani a bayan mota.

Na san wani zai ce, ina ruwan ƙauye da maganar ƙiba, alhali tamowa tana cin yara? Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Amma wannan binciken dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Birni ya fi yawan masu ƙibar, ba musu, sai dai ƙauye ma ba a bar shi a baya ba. A gida ɗaya za ka iske jika mai tamowa da kaka mai hawan jini. Ka shiga Kura ko Bunkure ka dubi dillalan shinkafa, ka je kara a Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ka dubi fatake da direbobi. Ka tuna da iyayenmu mata da a da suke surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su ja guga a rijiya mai gaba goma. Yau injin niƙa ya karɓi aikin, famfon burtsatse ya zo unguwa, kuma alhamdu lillahi, ba mai fatan wahalar nan ta dawo. Amma aikin ya tafi, kwanon bai ragu ba, sai ma taliya da farar shinkafa da lemo da suka ƙaru a kai.

To me ya sa nauyin yake tsayawa? Dalili na farko lissafi ne kawai. Babur ɗin da ya ɗauko buhu biyu ya fi shan mai a kan wanda aka sauke wa ɗaya. Mutumin da ya sauko daga kilo 95 zuwa 88, jikinsa ba ya buƙatar abincin da yake buƙata a da, ko yana tafiya ko yana kwance. Abincin da a farko yake kasa wa bukatarsa, har jiki ya riƙa ɗebo kitse yana cikawa, yanzu ya zama daidai wa daida. Ba abin da za a ɗebo, sai nauyi ya tsaya.

Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne wanda ba a faɗa wa mutane. Jiki ba ya son a taɓa masa ajiyarsa. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a 1994, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai tanadi. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai wani sinadarin da ciki ke fitarwa mai tayar da yunwa, girelin, ya ƙaru. A 2011 masu bincike a Melbon ta ƙasar Ostireliya sun wallafa sakamakon aikin da suka fara da mutum 50, waɗanda aka tsananta wa rage abinci na mako goma. Bayan shekara guda cur aka sake gwada su, aka iske sinadaran nan ba su koma yadda suke ba, yunwar kuma tana nan fiye da ta da. A 2016 wani binciken da Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, yake cikin waɗanda suka yi shi ya ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya zubar, sha'awar abincinsa tana ƙaruwa da kimanin kalori 100 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), yayin da abin da jikin ke ƙonawa yake raguwa da kalori 20 zuwa 30 kacal. Ke nan wanda ya zubar da kilo shida, jikinsa yana jan sa zuwa ga ƙarin kalori kusan 600 kullum, kwatankwacin cokalin cin abinci biyar na man gyaɗa. Ba a take zai cinye su ba, kuma ba da saninsa ba. Loma ce ke ƙara girma, ludayin koko ya ƙaru da ɗaya, ragowar tuwon yara a ce kada a zubar. Shi ya sa idan mutum ya rantse maka cewa bai canza komai ba, ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Akwai kuma dalilin da yake namu ne na karkara, wanda littattafan Turawa ba za su kawo shi ba. Shekararmu ba ɗaya take ba. Wanda ya fara rage ƙiba da faɗuwar damina yana da mataimaki: huɗa, noma, maimai, tafiya gona safe da yamma, ga rumbu ya yi ƙasa. Nauyi zai zube kamar da wasa. Wata biyar bayan nan kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, kuɗi ya shigo aljihu, bukukuwan aure sun kankama, sanyi ya sauko da ƙosai da shayi mai kauri. Wanda ba ya noman rani sai zaman majalisa daga hantsi zuwa la'asar. Lokacin da jiki ya fara ja da baya shi ne daidai lokacin da aiki ya ƙare, abinci ya yawaita. Haka abin yake ga masu farawa da azumi: ɗan abin da aka rage a Ramadan, sau da yawa kafin a gama shagulgulan salla ya dawo. Malamin asibitin da ya san ƙauye ya kamata ya tambayi mutum a wane wata ya fara, kafin ya tuhume shi da karya doka.

Sai kuma bakin mutane, wanda a ganina ya fi yunwar kanta karya gwiwa. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da wadata. Amarya ta yi ɓul-ɓul, a yaba wa miji. Magidanci ya ajiye tumbi, a ce harka ta buɗe. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta yi fama da wannan bayan an ce mata tana da suga. Ta rage abinci, jikinta ya yi sauƙi, gwiwoyin da suke hana ta tsayuwar salla suka lafa. Amma duk gidan suna ko biki da ta shiga sai an ja ta gefe: "Lafiya kuwa? Kin ga yadda kika zabge? Ko dai a je a nemi taimako?" Da nauyin ya tsaya sai ta ce mini, "Ɗan nan, ni fa na gaji. Mutane suna cewa na lalace, sikeli kuma yana cewa ban yi komai ba. To wa zan bi?" Na ce, "Goggo, lambar sugan fa?" Ta ce ai wannan ta sauka tun tuni. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa wannan lambar ita ce abin da aka tura ta nema, ba ta sikeli ba.

Masu tambayar "lafiya kuwa?" ba mugunta suke yi ba, kuma tambayarsu tana da tushe. Ramar da ta zo ba a neme ta ba alama ce ta ciwo: tarin fuka, ko sugan da ya yi tsanani, ko wani abin daban, kuma mai ita asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba. Abin da ya kamata mu koya shi ne bambanta wannan da ramar wanda likita ya sa shi.

Yanzu ga inda abin yake ci mini rai. Mutumin da ya kai wannan gaɓa, ga yunwa, ga surutun dangi, ga sikeli ya ƙi motsi, shi ne kasuwar masu maganin rage ƙiba. Suna nan ranar kasuwa da lasifika a kan mota, suna nan a Facebook da TikTok da WhatsApp, da hoton mace kafin da bayan. Alƙawarinsu ɗaya ne: kwana bakwai teɓa ta narke. Abin takaicin shi ne sikeli yakan gaskata su a makon farko. Yawancin irin wannan shayi da jiƙo abin da ke cikinsu mai sa gudawa ne, dangin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Mutum zai zubar da ruwan jikinsa, kilo ɗaya ko biyu su tafi, ya ce ai ga magani. Kitse kuwa yana nan ko gezau, domin kitse ba ya fita ta bayan gida. Da ya sha ruwa ya ci abinci nauyin ya dawo, sai ya ƙara sayen wani ƙullin. Mai hawan jini ko suga, wanda dama ƙodarsa a takure take, idan ya dinga bushe jikinsa haka yana jefa ta cikin hatsari. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano daga ƙauye ya san gona nawa ake sayarwa kafin a gama.

Na kanti masu kwali mai ƙyalli ma ba su tsira ba. Akwai wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda an gano yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suna ta kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Mai hawan jini da ya sha irin wannan, abin da yake gudu shi ya saya da kuɗinsa.

Har allurar nan da ake ta yayi a duniya, semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ba ta kauce wa wannan ƙa'ida ba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da ita sun zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, amma wajen ƙarshen lokacin nauyin ya daina sauka. Waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo. Idan maganin da aka kashe maƙudan kuɗi wajen bincikensa yana da inda yake tsayawa, me zai sa mu yarda da garin da aka ƙulla a leda?

Abin da ya kamata mutum ya ji tun ranar farko shi ne: nauyinka zai sauka na 'yan watanni, sannan zai tsaya, kuma idan ya tsaya ka dawo mu duba tare. A kuma gaya masa abin da ake nema. Ba a ce dattijo ya koma jikinsa na samartaka ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taɓa hawan jini da suga. A Amurka an yi wani gwaji da mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon suga, aka wallafa shi a 2002. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, da tasu ta ragu da kashi 31. Mai kilo 90, kashi 7 ɗinsa kilo shida ne da ɗoriya. Wato mutumin nan da yake zaune yana ƙunci don ya tsaya a 84, ya riga ya isa inda ake so. Aikin da ya rage masa shi ne riƙe wurin, kuma riƙewar ta fi saukowar wuya.

Wanda kuma har yanzu yake da sauran tafiya, akwai abin yi, kuma ba yunwa ba ce. Ya fara da abin sha, domin nan ne sukari yake ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wajen cokalin shayi 12, in an rage zuwa rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya takan kai cokali tara. Ka haɗa da na koko da safe, na fura da rana, na mai shayi da dare, da zoɓon da aka ce ai na gida ne. Mutane da yawa sun bar lemo sun koma zoɓo da kunun aya masu zaƙi kamar zuma, suna ganin sun tsira. Sai mai: cokalin cin abinci ɗaya kusan kalori 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja ko man shanu. A riƙa auna shi da cokali maimakon a tuttula daga kwalba. Mai cin abinci a tire ɗaya da jama'a ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba. Ya ɗebi nasa a kwanonsa, ko da a tare za a zauna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mana ma'auni: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Ba mu rasa hujjar da za mu kare kanmu da ita ba idan aka ce mun raina abincin mutane.

Kada kuma ragewar ta zama cire komai a bar gaya. Wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, kwaɗon zogale da rama, miyar ganye mai yawa a kan ƙaramar malmala: waɗannan suna riƙe ciki, suna kuma kare tsoka. Tsoka tana da muhimmanci, don wanda ya rame da yunwa zalla tsoka yake zubarwa tare da kitse, jikinsa ya ƙara rage abin da yake ƙonawa. Geron da ba a surfe shi fes ba da dawa sun fi farar shinkafa da fulawa daɗewa a ciki. Duk waɗannan a gonakinmu suke, ba sai an je kanti a Kano ko Dutse ba. Mai shan maganin suga dai kada ya tsallake abinci ko ya ɗora wa kansa azumin nafila ba tare da ya yi shawara da asibiti ba, don sugan yana iya faɗuwa ƙasa warwas. A kuma duba ƙwayoyin da ake sha. Dexamethasone da wasu ke saye a kemis don ciwon gaɓoɓi yana sa ƙiba, yana tayar da suga da jini. Mai shan sa kullum zai daɗe yana faɗa da sikeli a banza, kuma wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa shi rana ɗaya sai da kulawar likita.

Shi kansa sikelin ba alƙali ba ne. Nauyin mutum yana iya bambanta da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe saboda ruwa, ko miyar da gishiri da magi suka yi wa yawa, ko lokacin al'ada ga mata. Akwai awon da ya fi shi sauƙi: a sami igiya a auna tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa, a ninke ta gida biyu, a zagaya ciki wajen cibiya. Idan ta haɗu, madalla. Idan ta kasa, da sauran aiki. Ƙa'idar ita ce kewayen ciki kada ya kai rabin tsawo, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta shigar da ita cikin shawarwarinta a 2022. Kowane tela a ƙauye yana da tef. Sau da yawa ciki yana ci gaba da raguwa alhali sikeli yana tsaye, kuma kitsen ciki shi ne mai haɗarin.

Duk wannan bayani ba zai isa ga Goggo da ire-irenta ta rubutu irin nawa ba. Sai hukuma ta sa hannu. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano 44, kuma kusan kowace mazaɓa akwai ɗan asibiti. Akwai ranar awon ciki, akwai ranar rigakafi, kuma mun ga yadda sa rana ya sa mata suke fitowa. Me zai hana a ware rana ɗaya a wata ta masu hawan jini da suga, a auna nauyi da ciki da jini, a rubuta a kati mutum ya riƙe? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman don lafiya a matakin farko, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira goma a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Sikelin manya da tef da katin rubutu ba su ne za su gagari wannan kuɗi ba. A koya wa malaman asibiti yin bayani da ludayi da malmala da cokali, su daina tsayawa a "a rage abinci". Mata da suke cikin gida su ma a yi tunaninsu: ba kowace ce za ta fita zagaye a titi ba, amma filin makarantar Islamiyya yana da katanga, kuma idan malaman unguwa suka amince, rabin sa'a na tafiya kafin karatu ba zai gagara ba.

Game da masu lasifika kuwa, NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowace kasuwar ƙauye, kowa ya san haka. Amma kowace kasuwa tana da sarkinta, kowane gari yana da dagaci ko hakimi, kuma ba mai kafa mota ya kunna lasifika ba tare da an ba shi wuri ba. Wanda ya zo da maganin da ba shi da lambar rajista, ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, yana kiran masu suga da hawan jini da bakinsa, sarkin kasuwa yana da ikon ya hana shi wuri, ya kuma kai rahotonsa ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.